Sawun da Na Share da Hannuna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga ɗiyata Uwani, wadda ta ci sunan mahaifiyata, shi ya sa bakina bai taɓa kiran sunanki na yanka ba.

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina gaida maigidanki Malam Bashiru da yaran duka. Allah shi tsare ku a gida, shi tsare ku a hanya, shi kawo muna ƙarshen wanga tashin hankali da ya hana mu noman gonakinmu.

Kin san rubutuna. Ban zauna aji ba sai na yaƙi da jahilci, shi ma wata uku na yi na ce malamin ya cika surutu, na bari. In kin ga harafi ya kwanta, ki tashe shi. Kwana huɗu ina kan takardar ga. Da na so da na sa wani ya rubuta min, amma maganar da ke ciki ba ta kunne na uku ba ce.

Yau kwana tara ke nan da kinka zo zaurena da takardar kwaleji, kinka ce an ɗauke ki aiki can birni, ke za ki riƙe ofishin da ɗalibai za su riƙa kawo kuka in an yi musu fyaɗe, ko wani ya matsa musu da bibiya, ko miji ko saurayi yana dukansu. Na ce ba da yawuna ba. Na ce ɗiyar mutunci ba ta zama tana jin ƙazantar mutane. Ke kuwa ba ki ɗaga murya ba. Kinka ce, "Baba, yarinya takan je asibitin makaranta, a ce ta je wurin masu gadi. Masu gadi su ce ta je wurin shugaban ɗalibai. Shi ya ce sai 'yan sanda. Kowace ƙofa sai ta ɗauko labarin daga farko, har ta gaji ta koma ɗaki ta yi shiru. Aikina shi ne ta faɗa sau ɗaya, ni in ɗauka in kai." Kina rufe baki na ɗauki sandata na fita. Kin zaci fushi ne. Kunya ce, Uwani. Ban taɓa zaton ɗiyar da na haifa za ta zauna gabana ta karanta min laifina ba tare da ta san ta yi ba.

An gaya min motarki ranar Lahadi ce, Litinin ake son ki kama aiki, kuma kin ce ba za ki hau ba sai na sa albarka, ko da aikin zai wuce ki. Mijinki ya yarda tun tuni. Ba ki bukatar izinina a shari'a, amma kinka tsaya. To saurara.

Kin tashi kin tarar ana ce min Ummaru Mai Sawu, amma ba ki ga aikin ba, don kafin ki yi wayo ƙafata ta gaji, yanzu kuwa wa ke bin sawu cikin dajin ga? A zamaninmu can ƙauye, gefen Gurbin Bore, in an kore shanun mutum ni ake kira. Aikin yana da doka. In ka sami sawu mai kyau, abu na farko ka kife shi da ƙwarya, kada iska ko awaki su ɓata shi. Sannan ka bi. In ka kai iyakar ƙasar wani gari ba ka juyawa gida ka ce ka yi naka. Sai ka aika a kira mai garin, ya zo da mutanensa, ka ɗaga ƙwarya ka nuna mishi. Ba ka motsawa sai ya duƙa ya gani ya ce, "Na karɓa." Daga nan nauyi ya hau kansa: ko ya fitar da sawun daga ƙasarsa ya miƙa wa na gaba, ko ya fito da ɓarawo. Haka bijimi yakan bar Zurmi a gano shi bayan Shinkafi, hannu zuwa hannu. Saboda saniya munka yi wanga tsari. Saboda ƙanwata ban yi shi ba.

Gwaggonki Hajo nake nufi, autarmu, wadda kike sayen ƙuli-ƙuli wurinta tana yi miki gyara. Kin san ta taɓa aure a Shinkafi kafin ta auri Malam Isa. Abin da ba ki sani ba ke nan. Kina bayan innarki lokacin, Allah shi jiƙanta.

Sunan mijin Labbo, fata yake saye. Ba wanda ya yi mata dole, ita ta gani ta ce tana so. Mutum mai fara'a a waje, in ya gaishe ka har ƙasa. Shekara ba ta cika ba sai ga Hajo ta sauka daga motar kasuwa ta rufe ido ɗaya da gyale. Da ta buɗe na ga kumburi. Maganar farko da ta fito daga bakina ita ce, "Mi kinka yi mishi?"

Ta ce, "Yaya, ɗan kawu na gaisar a bakin rijiya."

Na ce, "To ki bar gaisuwar."

Uwani, tambayar farko ita ce ƙofa. In kin yi ta daidai an shigo, in kin karkata ta an koma ke nan. Kada ki fara da mi ta sa, ina za ta, mi ya kai ta ɗakinsa. Ki ba ta wurin zama, ki ba ta ruwa, ki ce mata ta yi daidai da ta zo. Sauran tambaya tana da lokacinta.

Bayan kwana uku Labbo ya zo biko da ƙwaryar goro da dattawa biyu. Na shimfiɗa tabarma a zaure, na sa anka kira Hajo, ta durƙusa bakin ƙofa. Maza huɗu, ga Labbo zaune yana kallonta. Na ce, "Faɗi abin da ya haɗa ku." Ta ce, "Ba komai, Yaya." Na ce kun ji ko? Munka yi fatiha, munka raba goro, har ina yaba kaina na iya sulhu. Sau uku ana haka. A na ukun da karyayyen hannu ta zo, sannan alƙali ya raba auren.

Za su ce miki a haɗa su a sasanta, ai mu Hausawa da sulhu anka san mu. Sulhu na rikicin iyakar gona ne, inda kowa ke iya ɗaga murya. Wadda ke tsoron mutum ba a zaunar da ita gabansa a ce ta yi magana. "Ba komai" da anka faɗa gaban mai duka ba amsa ba ce. Ki ji ta ita kaɗai, ki ji shi shi kaɗai, kada ko a bakin ƙofarki su haɗu.

Na zaci an gama. Da ta fita idda sai Labbo ya fara bayyana. Ta je kasuwar Moriki da man gyaɗa, ga shi tsaye gindin tsamiya. Ta je biki, ga shi a bakin hanya. Yana aiko da sabulu, tana mayarwa. Wata safiya na zagaya bayan dangarmu na ga sawu. Ko a mafarki na san shi: takalmin taya, ƙafar hagu tana buɗewa waje. Ya tsaya daidai inda ake hangen ɗakinta, ya daɗe, don ƙasar wurin ta dannu. Safiya huɗu ina ganinsa.

Hajo ta ce, "Yaya, tsoro nake ji."

Na ce, "So ne. Mutum ya tuna matarsa ta da, mi ya yi? Ya taɓa ki?"

Innarki tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, in sawun kura ka gani bayan garke, jira kake sai ta kama?"

Na ce ai mata ba su san sawu ba. Ka ji mai taurin kai.

Kin ce min yanzu bibiyar har cikin waya ake yi, saƙo kan saƙo, a toshe lamba ya sake wata, ya tsaya bakin ajinta, ya san lokacin da take fita. To shi ma sawu ne. Guda ɗaya ba ya nuna komai, kowa na iya wucewa ta bayan danga. Jera su ake yi. Ki ce kada ta goge saƙo, ki rubuta rana da wuri, ki sa masu gadi su san fuskarsa, in ana iya canza mata ɗaki ko aji a canza. Wanda ya ce miki ai bai taɓa ta ba tukuna, ki ba shi amsar innarki.

Da ta dame ni na ce ta je wurin mai unguwa. Ban raka ta ba. Mai unguwa ya ce maganar aure ce, ta je wurin liman. Liman ya ce aure ya mutu, wannan sai kotu. A kotu anka ce ta zo da wanda ya ga mutumin yana zagaya gida. Wanda ya gani ni ne. Ni kuwa ina can kusa da iyakar Nijar, kwana uku ina bin bijimai biyu na wani Alhaji. Na gano su kuwa. An yi ta yabona.

Damina ce, gero ya rufe mutum. Ranar da na dawo, da hantsi, Hajo ta ɗauki fura za ta kai wa masu noma. A hanyar gona Labbo ya tare ta. Fyaɗe ya yi mata. Na rubuta kalmar, ban taɓa haɗa ta da sunan Hajo ba sai yau.

Da anka kawo ta gida na tafi wurin ni kaɗai. Ƙasa tana da damshi, ta rubuta komai. Ga inda ya laɓe, ga inda ya ja ta, ga ƙafar hagun nan ta fito kamar an zana. Makaho ma zai kai wanga sawu ƙofar mai shi. Ga ƙwaryar furarta a yashe, taku biyu daga wurin. Duƙawa kawai zan yi in ɗauka in kife, in aika a kira mai gari. Na tsaya ina kallon ƙwaryar. Sai na karya reshen sabara na share wurin tas. Na koma gida na ce wa innarki ta wanke zanen Hajo, kada in ji maganar a bakin kowa.

Na gaya wa kaina asirin Hajo nake rufewa, wa zai aure ta in an ji. Ƙarya nake. Tsoro na ji a ce Ummaru mai gano shanun mutane ya kwana huɗu yana kallon sawu bayan gidansa bai yi komai ba. Sunana na rufe, ba nata ba.

Wagga ita ce babbar jarrabawar da za ki gamuwa da ita, don masu kawo miki ita manya ne masu magana mai daɗi. Za su ce sunan makaranta. Za su ce malamin nan babba ne, yana da iyali, saura kaɗan ya yi ritaya. Za su kira shi rufin asiri. Ki tambayi kanki asirin wa. Na yarinya ki rufe shi da ƙarfinki, kada sunanta ya yi yawo a ofisoshi, kada labarinta ya zama abin hira wurin shan shayi. Amma kife sawu daban, share shi daban. Mai kifewa adana shi yake har mai hukunci ya zo.

A kwana na shida zazzaɓi ya rufe Hajo. Innarki ba ta tambaye ni ba, ta saka ta mota sai Kaura. Shi ne karo ɗaya da ta fita ba da izinina ba, kuma shi ne abin da na fi gode mata a zamanmu duka. A wani ɗakin shan magani sunka sami wata nas, Madam Saratu, mutuniyar kudancin Kaduna, Kirista. Innarki ta ce matar ta kori kowa, ta rufe ƙofa, ta zauna ƙasa kusa da Hajo. Ta saurara har ƙarshe, ta rubuta sau ɗaya. Sannan ta yi mata tambayar da duk cikinmu ba wanda ya yi: "Me kike so a yi?"

Hajo ta ce tana so a kama shi.

Matar ga ta ba ta magani, ta ɗauki jakarta, ta riƙe hannunta har wurin 'yan sanda, daga can har kotu. Kowace ƙofa ita ke magana, ta miƙa takarda, ba ta tashi sai ta ji sunan wanda ya karɓa. Ba ta taɓa kiwon saniya ba, amma dokarmu ta bi sak. Kashegari ta hau mota ta zo har ƙauye, ta same ni ƙofar gida.

Ta ce, "Baba, an ce duk ƙasar nan ba wanda ya kai ka sanin sawu. Ina sawun?"

Na ce ruwa ya wanke.

Ta ɗaga kai ta dubi sama. Satin nan duk ko yayyafi ba a yi ba. Ta ce, "To, Baba. Allah ya gani." Ta gaishe ni da ladabi ta tafi. Na sha zagi a duniya, ba wanda ya zauna min kamar wagga gaisuwa.

Ba sawu, ba zane, ba shaida. Labbo ya rantse ya tafi abinsa. Daga baya na ji ya yi aure can wani gari. Ban san matar ba, amma nakan tuna da ita. Sawun da ka share ba ya tsayawa, gaba yake yi zuwa wani gida.

Don haka in kin isa, kada ki jira sai an kawo kuka. Ki taka da ƙafarki ki san mai asibiti, ki san shugaban masu gadi, da matar da ke kula da ɗakin kwanan ɗalibai, da wanda za ki nema wurin 'yan sanda. Ki zaunar da su wuri ɗaya su san juna, kowa ya san iyakar ƙasarsa da wanda zai miƙa wa. Kada ki tura yarinya da baki. Ki kai ta, ko ki kira a gabanta, kuma kada ki juya sai kin ji an ce an karɓa. Bayan kwana biyu ki koma ki duba ko sawun ya fita ko ya kwanta a aljihun tebur. Asibiti da wuri, kin fi ni sani, ke kinka ce akwai maganin da ba ya jiran kwanaki. Kuma duk taku ki tambaye ta abin da take so. Wata za ta ce a kai ƙara, wata za ta ce a dai raba ta da shi ta gama karatunta. An riga an yi mata abu ba da sonta ba, kada taimako ma ya zo mata haka.

Wanda ake tuhuma shi ma kada ki yanke mishi hukunci a zuciya. Na taɓa kai sawu har ƙofar wani bawan Allah, ashe takalminsa anka ara. Ki bi a hankali har inda ya tsaya. Kuma kada ki dubi ko mai kukan tana sa hijabi ko coci take zuwa, ko ma namiji ne kunya ta hana shi magana. Wadda ta riƙe hannun ƙanwata ba ta tambayi addininmu ba.

Ban da ikon ba ki wanga labari, ba nawa ba ne. Shi ya sa ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko na tafi gidan Hajo. Na same ta tana murza ƙuli.

Ta ce, "Yaya da kansa? Wa ya mutu?"

Na ce, "Izini na zo nema."

Ta ce, "Kai? Izini? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara. Zauna kada ka faɗi."

Na zauna na faɗa mata komai, har reshen sabara. Hannunta bai bar murza ba. Da na gama ta ce, "Na sani."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Bayan kwana biyu na lallaɓa na koma ɗauko ƙwaryata. Na ga shatin ganye a ƙasa, na ga sawunka a gefe. Ƙanwar mai sawu ce ni, Yaya. Shekara talatin da wani abu ina jira in ga ko za ka faɗa da bakinka."

Duk shekarun ga tana aiko min da tuwon salla, tana yi min sannu in na yi ciwo. Na ce ta yafe min. Ta ce, "Wannan ka bari in yi tunani. Kai ma ka ɗanɗana jira. Amma yarinyar nan ka sake ta ta tafi. Ka rubuta mata, ka ce ni na ce." Sai ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar. Ta tsage gefe ɗaya, an ɗinke. Ta ce ki ajiye ta a ofis inda idonki zai riƙa faɗawa kanta. Ita za ta kawo miki takardar ga da hannunta. Kada ki yi mata tambaya sai in ita ta fara.

Uwani, na yi alfahari da bijimai da yawa da na gano. Ban taɓa jin abin da na ji ba ranar da kinka zauna zaurena kina faɗin aikinki ba tsoro ba rashin kunya. Halin innarki ne, ba nawa ba. Taurin kan dai nawa ne, ki yi aiki da shi inda ya dace.

Na janye maganata. Na sa miki albarka, duniya da lahira. Ki hau motar safe, kada ku tsaya a hanya, in direba mai gudu ne ki yi mishi magana. Allah shi kai ki lafiya, shi tsare gabanki da bayanki, shi kare ki daga sharrin na daji da na ofis. Allah shi tsare 'ya'yan mutane da za su zo hannunki, shi sa su gama karatunsu su koma gida da kansu a sama.

Ni nan ƙasata ta ƙare, ƙafata ba ta wuce nan. Na kawo miki sawu iyaka, a makare, na ɗaga ƙwarya kin gani. In kin sauka ki kira wayata. Ba sai kin yi doguwar gaisuwa ba. Ina nan zaune a zaure, ba zan motsa ba sai na ji kin ce kin karɓa.

Ni ne babanki,
Ummaru Mai Sawu,
Kaura Namoda.